Fijon Nafi'u a Ƙofar Alhaji Mamuda

Akwai wani attajiri a Funtuwa, Alhaji Mamuda, wanda Allah ya jarrabe shi da son tsofaffin motoci. Bayan gidansa rumfa ce doguwa, an jera su kamar amare: Marsandi ta zamanin Turawa, Fijo, har da wata mai kama da kunkuru. Kullum ana wanke su, ana goge su, ana shafa musu mai, amma in ka ga ɗaya ta motsa, to tura ta ake yi. Dalili kuwa, Alhaji ya rantse ba a ɗaura wa motarsa ko ƙusa ɗaya in ba ta asali ba ce. Sai mota ta shekara tana jiran wani ɗan ƙarfe daga Jamus, mai gidan kuma ya tari a-daidaita-sahu zuwa masallacin Juma'a.

Yayarsa, Gwaggo Kuluwa, wadda ta goya shi yana tsumma, ta daɗe da zuba masa ido. Abin da ya dame ta shi ne Zinatu, autar Alhaji, da ta kawo wanda take so, wani malamin makaranta mai suna Nafi'u. Gwaggo ta bincika, ta samu yaro mai kunya, ɗan gidan mutunci. Saura amincewar uba. Ita ce ma ta ba da shawara ya zo gaisuwa da tsohuwar Fijon da ya gada wajen kakansa, ko zuciyar tsohon ta yi laushi.

Ranar kuwa Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a zaure, tana ɓara goro tana kallo. Fijo ta shigo layi tana sheƙi, ba hayaƙi, ba tari. Alhaji ko gaisuwar kirki bai amsa ba, ya hau zagaye mota yana shafa ta kamar mai taya saniya. Gwaggo ta ce a ranta, an gama.

Sai ya ce, "Buɗe min bonet."

Nafi'u ya buɗe. Alhaji ya leƙa, ya ja da baya kamar ya ga maciji.

"Wannan injin na wace mota ne?"

"Ranka ya daɗe, na asalin ya buga tun kaka na da rai. Na Japan na sa mata, don da ita nake zuwa aiki."

"Don kana zuwa aiki! Madalla da aiki!" Alhaji ya tafa hannu. "Jiki na Faransa, ciki na Japan. Yaro, wanda ya iya yi wa mota wannan ha'inci, me zai yi wa 'yar mutane? Rufe kayanka. Ni ba na haɗa zuri'a da abin da ba na asali ba."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. Can cikin gida, inda Zinatu ke laɓe tana saurare, aka ji an saki kwano a ƙasa.

Gwaggo ta tofar da goro, ta ce, "Mamuda, zo nan."

"Yaya, ki bar maganar nan. Ke ba ki san mota ba."

"Ban san mota ba, amma kai na san ka, tun ba ka da wando. Haƙoran da kake yi wa yaron nan tsawa da su a Masar aka dasa maka. Gwiwar da kake tsaye a kanta ta Indiya ce. Idon da ya gano injin Japan, bara aka sa maka shi a Kano. Duk abin da Inna ta haife ka da shi, taurin kan nan ne kaɗai ya rage na asali, shi kuwa mun zagaye kasuwa neman na canji mun rasa."