Layin Dogon Vinikilang Ya Yi Ganye

Jiya da safe man babur ɗina ya ƙare a tsakiyar gadar Jimeta. Na tura shi har Vinikilang ina haki, na zube a inuwar bakin gonar Baba Wilson, tsohon malamin firamare. Ko ruwa bai ba ni ba ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗana, duba mini. An ce sabon jadawalin jirgin ƙasa ya fito. Namu ƙarfe nawa?"

Na duba. Ga na Abuja zuwa Kaduna, ga na Legas zuwa Ibadan, kowanne da lokacinsa. Na buɗe taswirar layukan, na ja ta zuwa gabas har yatsana ya gaji. Wajenmu fari fat, ko ɗigo babu.

Bari in ba ku labarin tambayar. Shekarun baya, gab da wani zaɓe, Mai Girma Sarkin Alkawari ya zo da jerin motoci, aka kafa turaku masu jan fenti a tsakiyar gonar Baba, aka ce nan layin dogo zai bi. A ranar Baba ya yi wa matarsa, Mama Rebeka, alkawarin a jirgin farko zai kai ta Kaduna ta ga 'yarsu Nancy. Tun lokacin tashin hankali Mama ta daina doguwar tafiya a mota, ga ciwon baya ya ƙaru a kan tsoro.

To Baba mutum ne mai ɗaukar maganar manya da gaske, Allah ya ba shi lafiya. Tsirin da aka kafa turakun, wanda ya fi ko'ina albarka a gonar, bai sake sa masa fartanya ba. Da gara ta cinye turakun gwamnati, sai ya ji kunya a madadin gwamnati. Ya sari rassan zogale ya kafa a gurbinsu, kada injiniyoyi su dawo su rasa hanya. Shi kuwa zogale bai san siyasa ba. Damina na sauka ya kama ƙasa, yau ga shi a jere ya fi ni tsawo.

Muna cikin magana sai ga jiniya. Baba ya miƙe yana gyara hula. Wani Ranka Ya Daɗe Mai Almakashi ya sauko, ya dubi jerin zogalen, ya gyaɗa kai. Nan take yaransa suka ɗaura ƙyalle tsakanin bishiya biyu, ya yanka, aka tafa. Ashe shirin dashen itatuwa suka fito ƙaddamarwa, kuma namu ne ya fi kyau a hoto. Ni dai na yaba. Ba kowane shugaba ke iya buɗe aiki ɗaya sau biyu da suna daban-daban ba.

"Ranka ya daɗe, jirgin fa?" in ji Baba.

"Yana kan hanya, Baba."

Ƙurar motocinsu ba ta kwanta ba Mama Rebeka ta ƙaraso tana dogara sanda, da kwanon tsinkar ganye a hannu.

"Malam, bar shi haka," ta ce a hankali. "Ko jirgin ya zo gobe, ƙafana ba zai hau matakalan ba. Ka ce wa Nancy ita ta zo. Wurin nan kuma ka sa masara."

Wallahi sai da na kau da kai, don ban taɓa ganin idon tsohon nan ya cika haka ba. Can ya sunkuya ya ɗauki fartanya, ya fara noma daga gindin zogalen farko.

Da azahar Mama ta kwaɗa mana zogalen da ƙuli-ƙuli. Saboda haka duk wanda ya ce Adamawa ba ta amfana da layin dogo ba, a turo mini shi. Ni na ci nawa, har na nemi ƙari.