Rasuwar Wayar Garzali a Kwamin Shanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Halliru, dillalin shanu a karar Wudil, nake sanar da rasuwar wayar maƙwabcina Garzali. Ta cika a hannuna ranar Juma'a da hantsi.

A kanta muka tafa bara: shi ya ɗauki bidiyo ya ɗora a shafinsa, ni in yi baki, in koya wa jama'a sayen sa. Marigayiya ta riƙe amana. Ba ta taɓa ɗaukewa ana tsakiyar ciniki ba. Kukanta ɗaya ne, ƙit-ƙit, in wani ya yaba mana. Ita ta ɗauke ni ranar da bakina ya zarce, na nuna yadda ake ɗura wa sa kanwa da ruwa ya cika ido kafin masu saye su iso. Ban kama sunan kowa ba, amma duk wanda ya kalla ya ga hannun ya saba.

Ciwon ajalinta ya faro ne da aka ce hukuma za ta yi wa masu ɗora bidiyo rajista. Ran nan Garzali ya ba ni ajiyarta ya zagaya. Sai ga mutum biyu da takardu suna cigiyar mai bidiyon kara. Ni a sanina, bidiyo a cikin waya yake kwana. Na sake ta a kwamin ruwan shanu. Ta yi zuu sau biyu, ta yi shiru.

Ashe takardar rajista kawai suka kawo a cike. Ashe kuma lambar sirrin shafin a cikinta kaɗai take, layin da aka buɗe shi da shi ya daɗe da ɓata.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da mabiya dubu goma sha ɗaya marayu, da Garzali, wanda har yau yake durƙusawa ya gaishe ni.

Sabo mai gyara ya tabbatar babu sauran numfashi. Za a ajiye ta a makwancinta, aljihun teburinsa, gobe bayan la'asar. Zaman gaisuwa a ƙofar Garzali, ni ban cancanta a yi min ba.

Masu sayen shanu sun ƙaru da wayo, yanzu sai sun danna cikin sa kafin su taya. Garzali ya rasa sana'arsa. Ni kuwa bidiyon kanwa yana nan yana yawo da fuskata, kuma na kashe mai iya goge shi.