Ranar da Na Haska Surukina a Bango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tozarta surukina da hannuna ba, gaban ɗalibai da iyayensu.

Ina koya wa matasa haɗa shafin intanet a Boɗinga. Don kada su riƙa yi min barci, sai na raba su gida biyu, 'yan fetur da 'yan sola, kowa ya gina shafin kare ra'ayinsa. Na ce ni alƙali ne, ba ni da gefe (ƙarya nake, har akuyar gidanmu ta san ni ɗan sola ne).

Da muka zo darasin saka hoto, na ce bari in ɗan agaza wa mutanena. Na hau babur zuwa fadamar Danchadi, na hango wani injin ban-ruwa yana ta tuƙa hayaƙi, na ɗauko shi daga nesa. A waya dai inji ne, sai wani ɗan fari-fari a gefe. Na ɗora hoton a shafin 'yan sola, na rangaɗa rubutu ja a ƙasa: "Ga masu gurɓata mana iska."

Ranar nuna aiki na gayyato surukina, mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, wanda duk shekara yake aiko mana buhun albasa. Na zaunar da shi gaba-gaba, don ya ga 'yarsa ta yi dacen miji. Ina ta baza ilimi, sai na ce bari in nuna yadda ake ƙara faɗin hoto. Na canza lamba ɗaya, majigi ya cika bango da hoton injin nan.

Innalillahi! Fari-farin nan ashe mutum ne, tsugune da galan yana ɗura mai. Ga gemun, ga hular, wadda ma ke kansa a zaune.

Surukina ya gyara tabarau, ya ce, "Malam, wanga ba ni na ba?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Abin da ya fito bakina wai, "Baba, misali ne."

Bana buhu bai zo ba. Saƙo ya zo ta bakin matata: "Baba ya ce albasar ta sha hayaƙi, kada ta cuce ka. Wai ka jira ta sola."

Yanzu darasina na farko ba HTML, yaren gina shafi, ba ne. Nakan ce: kafin ka zagi hoto, buɗe shi ka ga ko akwai surukinka ciki.