Baitin da na sata a gaban mai shi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar taɓaryar ranar ba, ƙwal-ƙwal, turmi na amsawa kamar cikin mai azumi. Shekarar da gero ya gagari talaka ce, har kakata Iya take daka garin rogo tana kiransa tuwo.

Ranar muke jiran wata Dakta daga jami'a, marubuciyar waƙoƙi da nake haddace littafinta kamar Fatiha. Burina ɗaya: ta karɓi littafin waƙoƙina ta ce na isa. Na sha turare, na yafa mayafin Sallah (a zuciyata har na ga jibgegiyar mota ta tsaya a ƙofar gida).

Ina fitowa tsakar gida na tarar da wata mata mai silifas da koɗaɗɗen hijabi suna karɓa-karɓar taɓarya da Iya.

"Inna, don Allah ku ja turmin nan baya," na ce. "Babbar baƙuwa muke jira. Iya, ke kuma ban da waƙoƙin ƙauyen nan yau."

"To, 'yar boko," in ji Iya.

Matar ta share gumi. "Ke ma waƙa kike yi?"

Abin nema ya samu. Na gyara murya na rero mata, har da lumshe ido: "Gero ya yi nisa, turmi na kiran sunansa."

"Wa ya yi wannan baitin?"

"Ni," na ce, ko kunya babu. (Daga littafin Dakta na ɗauke shi.)

"Ikon Allah. Ashe mu biyu muka yi shi."

Iya ta saki taɓarya tana dariya har da tari. Sai a lokacin na ga rikoda a gefen tabarma, na gane matar nan ita ce Dakta. Motar haya Dakta ta hau zuwa Zakirai, sauran hanyar zuwa ƙauyenmu ta tako da ƙafa, don waƙoƙin dakan da na hana yi.

Ta karɓi littafina dai. Ya dawo da layi ɗaya a bango: "Ki fara da kunnenki."

Sai bayan rasuwar Iya, ina jami'a, na karanta ƙananan rubutun ƙarshen littafin Dakta, waɗanda kullum nake tsallakewa. Baitin daga waƙar daka ta samo shi, tun wata tsohuwar yunwa, ga sunan mai waƙar a rubuce. Na Iya ne.