Ƙarar da Ke Bayan Bas ɗin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai kiɗan da na fi ƙauna a duniya gareji don a gyara shi ba. Har yau in na tuna, kunya ce ke fara zuwa, amma haushin ya fi daɗewa bai tafi ba.

A lokacin ina Makka wajen Kawu Sani, yayan mahaifiyata, wanda ya zo aikin hajji tun ba a haife ni ba ya yi zamansa. Yana da wata ƙaramar bas da ke ɗaukar masu umara daga Kudai zuwa Tan'im su ɗaura harami su dawo. Da idonsa ya fara rauni, kuma na gaji da lallaɓa shi, sai ya miƙa min makulli da sharaɗi ɗaya: "Motar nan baƙin Allah take ɗauka. Ranar da na ji kiɗa a cikinta, khalas, ka ajiye min makullina." Na ce na ji, na yarda. (Jin dai na ji.)

To ni kuwa ina da wata cuta. Akwai wasu 'yan hip-hop na Amurka da suka shiga raina, ɗaya yana waƙa kamar wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa, ɗaya yana dukan ganga, ɗaya yana kan na'ura. Kiɗansu ba na rawar biki ba ne. Ƙarar ƙarfe ce da gurnanin inji da ganga mai dukan ƙirji, amma duk a tsare, komai da wurinsa, in dai kana da kunne. Babu faifan da suka saki da ban mallaka ba. Ban ma tsaya nan ba, don mai gangar da mai na'urar suna da wani aiki nasu na gefe da suka ba wani suna daban, wanda babu muryar mutum a ciki ko kaɗan, zallan ƙarafa. Na jera su duka a filash, na gefen a farko, na ƙungiyar a biye. Abokaina na unguwar Nakkasa suna cewa ina sauraron janareto. Ni kuma ina yi musu kallon waɗanda Allah bai ba su rabo ba.

Rediyon bas ɗin nan tsoho ne mai taurin kai. Fuskarsa ta mutu, maɓallinsa ya karye, da ka tayar da mota zai ci gaba daga inda ya tsaya. Sifikun gaba sun daɗe da rasuwa, saura guda a ƙarƙashin kujerar baya. Filash ɗin kuma a cikin durowar da ke gaban fasinja ake soka shi, hanyar kashe kiɗan kenan, ka zare shi. In na sauke alhazai sai in soka abuna in more.

Ran nan da hantsi na fito daga Kudai ba kowa a motar, aikin gefen nan yana tafiya a hankali, sai ga Kawu a bakin titi yana ɗaga min sanda. Kafin in miƙa hannu in zare filash ya buɗe ƙofa ya zauna, ya jingina gwiwoyinsa da durowar, ya ce in kai shi Ka'akiyya. Ba mu yi nisa ba ya karkata kai.

"Ya walad, kai yaro, me ke ƙara a baya?"

"Ban ji komai ba, Kawu."

"Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Tsaya ka kashe motar."

Na kashe, aka yi tsit. Ya ce in tayar. Na tayar, ƙarafa suka ci gaba da aikinsu. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano bakin zare, ya ce mu zarce warsha, wato gareji, wajen Malam Idi.

Malam Idi bakanike ne, mutumin garin Tawa, shi ke duba motar tun tana sabuwa. Kawu ya ƙi sauka daga kujera (gwiwoyin nan suna nan inda suke, kamar an dasa su), ya ce in bar injin yana aiki. Malam Idi ya zagaya baya ya kasa kunne.

"Alhaji, wanga ba boris ba ne, mota tana tsaye boris ba ya kuka. Salansa ta, ko dai wani ƙarhe ya kwance yana bugun ɗan'uwanai."

Salansa. Jama'a, wurin da yake kira salansa shi ne wurin da mai gangar ya fi nuna gwaninta a faifan gaba ɗaya. Na sha maimaita wurin nan ina jin tsikar jikina tana tashi. Ga shi wani mai baƙin mai a hannu yana cewa ƙarfe ne ya kwance. Masu jiran gyara suka taso, kowa da tasa. Wani ya ce farfela ce, wani ya ce tasa motar ta yi irin wannan kukan kafin ta mutu murus. Ina zaune a sitiyari ina haɗiye baƙin ciki, gumi har cikin kunne, rabi na tsoron Kawu, rabi na takaicin wannan jahilci.

Malam Idi ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. A daidai nan faifan gefe ya ƙare. Na san abin da ke biye, ni na jera su da hannuna. Aka yi ɗan shiru, har Kawu ya ce, "Alhamdulillah, ya gano ta." Sai mawaƙin nan ya tsandara ihu da Turanci daga ƙarƙashin kujerar baya.

Malam Idi ya fito da rarrafe yana a'uziyya, goshinsa ya sha karo da ƙarfe. Masu jira suka watse. Kawu kuwa, da ciwon gwiwarsa da komai, na gan shi a waje ban ga lokacin da ya sauka ba. Na kashe motar.

Da hankali ya dawo, Malam Idi ya bi waya daga sifikar har durowa, ya zaro filash ɗin ya ɗaga sama. Na ce yau kam tawa ta ƙare. Sai na ji Kawu yana cewa, "Wa'azin da yaron nan yake sa wa alhazai ne a ciki, ko?" Malam Idi ya ce ai shi ke nan, zafin Makka ya narka abin da ke ciki, ko cutar kwamfuta ta cinye shi, haka suke yi in sun lalace.

Kun ga ƙofa, a buɗe har bango. Abin da ya rage min kawai in ce "haka ne", in riƙe makullina, mu tafi. Har na buɗe baki zan faɗa. Sai Malam Idi ya ƙara da cewa, "Ai dole lalacewa ta. Babu ɗan'adam mai hankali da zai zamna ya yi wanga shirme da gangan. Bari in jehwa shi bola."

"Kar ka jefar," na ji bakina yana faɗa. "Lafiyarsa ƙalau. Haka suka yi shi, kuma ba shirme ba ne. Wancan na farko aikin gefe ne, mai ihun shi ne na ainihin ƙungiyar, ba ɗaya ba ne."

Wallahi har bayani na fara yi musu a kan bambancin faifan farko da na baya-bayan nan. Na kai tsakiya kafin na lura babu mai motsi. Malam Idi yana dafe da ƙulun goshinsa. Kawu ya kafe ni da idon nan nasa mai rauni.

"Kana nufin kiɗa ne?"

"Kiɗa ne, Kawu."

"Kuma da kunnenka ka zaɓe shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Da goge na kama ka da shi, ko kalangu, da na ce shaiɗan ya ruɗe ka da daɗi. Wannan kuwa ko shaiɗan aka ɗora wa, an zalunce shi. Hat, ba ni makullin."

Na miƙa. A gaban mutane ya ba da shi ga wani ɗan Sakkwato da ke zaman jiran aiki a warshar, suka ja motar suka bar ni tsaye da filash a hannu. Sauran zamana a Makka turin keken tsofaffi na yi tsakanin otal da Harami, a rana, da ƙafa.

Abin da na koya shi ne, in Allah ya rufa maka asiri, kai ma ka taimaka ka rufe bakinka, ko da gwaninka ake zagi. Na sayar da sitiyari don in kare mutuncin wani mai ganga a Amurka, shi kuwa har yau bai san an haife ni ba.