Sharuɗɗan Bankin Hajiya Safara'u

"Lafiya lau, sai yunwa, tunda mijin da Allah Ya haɗa ni da shi bai san hanyar kasuwa ba."

Haka Hajiya Safara'u ta amsa gaisuwar jikanta Sharhabil, ko kai ba ta ɗaga daga tsintar shinkafa ba. Gobe za a yi masa intabiyu a Abuja, a ofishin wani bankin raya ƙasashe, ga shi ko kuɗin jirgin ƙasa babu. Wata guda ya yi yana bitar amsoshinsa da ƙarfi a tsakar gidanta da ke unguwar Kinkinau a Kaduna, ya ɗauka tsohuwa gyangyaɗi take yi. Ashe hadda take.

"Amarya, rance na zo nema. Dubu talatin."

"To, ƙasa mai tasowa ta iso. Sai majalisar banki ta zauna."

"Su wa ke majalisar?"

"Ni da kai. Amma da bakinka ka ce nauyin ƙuri'ar kowa gwargwadon jarinsa ne. Me ka zuba?"

"Goron da na sayo miki da salla."

"Ƙuri'a ɗaya. Ni casa'in da tara. Sharaɗi na farko, a aske wannan sheƙar da ke kanka."

"Ina ruwan gashina da bashi, tsohuwa mai haƙori uku?"

"Gyaran tsari kenan. Na biyu, kashi-kashi za a saki kuɗin. Kashin farko ya kai ka tashar jirgi ta Rigasa. Sauran sai Mero maƙwabciyata ta je ta duba, ta kawo rahoto."

"Kafin Mero ta ɗaura zani ai jirgi ya kai Abuja!"

"Na uku, a cire dubu biyar, ladan ƙwararriyar da ta ba ka shawara."

"Wace ce?"

"Ga ta tana tsintar shinkafa."

Sharhabil ya miƙe tsaye. Wasan ya taɓa shi inda ke ciwo, don shekararsa huɗu da gama jami'a yana zaune.

"Riƙe kuɗinki, Hajiya. Wallahi ko bayan motar gawayi zan hau, sai na je. Wannan abin da kika yi mini shi ake yi wa ƙasashe irin tamu. Shi ya sa nake son kujerar nan, a sami mutum ɗaya a teburin da ya san yadda mai roƙo yake ji."

Tsohuwa ta dube shi, tausayi da alfahari suka kama ta lokaci guda. Sai ta tuntsire da dariya, ta kwance haɓar zaninta.

"Zo nan, sarkin zuciya. Ungo, dubu arba'in ne, kuma ba rance ba ne."

"Majalisa ta sauya ra'ayi?"

"Doka muka bi. Kai ka ce ƙasar da ta fi kowa talauci kyauta ake ba ta. Na duba Kaduna kaf, angona, ban ga wanda ya fi ka tsiya ba."