Dabbar da Muhandisinku Ya Ce a Fitar

Zuwa ga Mai Girma Mudir,
Mu'assasar Ɗumi da Aminci, masu sayar da daffaya da kafa ta a gidajen bayin Allah,
Madina.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai babbar kujera, ina fatan kana cikin ɗumi kai da iyalinka, ina kuma fatan ba ma'aikatanka ne suka kafa maka naka ɗumin ba. Sunana Bakri Rabo, mai gasa agashe, tsiren mutanen Sudan, a unguwar Ƙuba. Na rubuto a fili ne saboda duk lokacin da na kira wayarku, wata murya mai daɗi ce ke gaya mini kirana yana da muhimmanci, sannan ta katse.

Mahaifiyata Hajo ta zo mini daga Maiwurno ta Sudan bara, da tari a ƙirji da ƙafafun da ke jin sanyi tun kafin ya iso. Da sanyin Madina ya kankama, sai na sayo mata daffayarku, abin ɗumama ɗaki mai aiki da gas, irin wadda ake kafawa a bango. Ni wutar gawayi na sani, ita kuwa in za ta cuce ka sai ta fara yi maka sallama da hayaƙi. Don haka na bar aikin ga masu shi, na tafi wurin namana. Ga abin da masu shi suka yi.

Na ɗaya. Muhandisinku, wato injiniyan da kuka aiko, Allah ya ƙara masa basira don akwai wurin zuba ta, ya duba bangon siminti uku a ɗakin, ya zaɓi na huɗu, na jibs mai kamar kwali, wanda ko agogo ba ma yarda mu rataya masa. Daffayar ta karkace kamar hular mai ji da kansa, tsakaninta da labule kuwa bai kai tafin hannu ba. Ranka ya daɗe, labulen ma yana cikin masu jin sanyi ne?

Na biyu. Matata Sumaya ta ga zai gwada ko gas yana tsiyaya, ya ciro abin kunna sigari. Ta tuna hoton da ke jikin kwalinku, inda ake shafa kumfa a mahaɗin tiyo, ta ruga ta kawo masa sabulu. Ya yi godiya, ya ce hannunsa a wanke yake.

Na uku. Bututun da zai fitar da hayaƙi waje bai zo da shi ba. Ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato gobe. Na daɗe a ƙasar nan, na san bukra ba ta cikin kwanakin mako, amma ban san har numfashin tsohuwa ake ɗagawa zuwa bukra ba. Bai kuma ce kada a kunna kafin ya kawo ba.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon ka gyara zama. Tiyon da ya zo da shi gajere ne, don haka ya bar tukunyar gas a cikin ɗaki. Da zai fita ya tuna da amana, ya juyo daga bakin ƙofa, ya ɗaga wa Inna yatsa ya ce, "Ya Hajja, ad-dabba barra. Da'iman barra." Wato tukunyar gas waje, kullum waje, don ku a nan dabba kuke ce mata. Inna tana jin Larabci, amma a inda ta fito ambuba ake cewa. Dabba kuwa a kunnenta mai ƙafa huɗu ce, kuma guda ɗaya ce a ɗakin: wata kyanwa mai toka-toka da ta tsinta a bayan gida tun satin da ta sauka, wadda ke kwana a kan ƙafafunta, wadda kuma ita kaɗai ce a Madina ba ta mayar wa Inna amsa da Larabci, don jikokinta ma sai su ce mata "tayyib", wato "to", su wuce.

Da na dawo ta tare ni fuska a jiƙe. Ta ce, "Bakri, wai gaskiya ne dabba ba ta zama ɗaki ɗaya da abin nan?" Na ce, "Gaskiya ne, Inna, tana iya kashe mutum." Ta ce, "To, na riga na fitar da ita." Na ce madalla, har na yaba mata da ƙarfin hannu. Na leƙa ɗakin ban ga tukunya ba, sai wani ɗan teburi a lungu, an lulluɓe shi da kyalle mai aikin hannu, an ɗora masa tiren shayi. Na ɗauka kyauta ce daga mu'assasarku, har na sa muku albarka.

Sauran aikin Inna ta ƙarasa muku shi da kyakkyawar niyya. Da aka kunna daffayar da dare, ta rufe taga, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, don a ganinta zunubi ne a bar ɗumin da ɗanta ya sayo ya tsere. Da safe Sumaya ta kai mata shayi, ta same ta a kan darduma, kai ya yi nauyi, harshe ya karye, ba ta gane mai shigowa. Likita ya ce hayaƙin da ba shi da wari ne, kuma da shayin ya makara da yanzu ta'aziyya kuke yi mini. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na biyar. Da Allah ya sa wani mai rai ya ɗaga wayarku, ya shaida mini cewa muhandis ya yi gargaɗi a sarari. Ban musa ba. Amma ranka ya daɗe, wanda aka aiko ya kafa wuta a ɗakin tsohuwa, aikinsa ya faɗa ne ko ya tabbata an ji? Tukunyar da yake nufi tana kusa da ƙafarsa, yatsan da ya ɗaga sama me ya hana shi nuna ta? Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, ni ma haka nake gaya wa maƙwabta in sun tambayi sunanka.

Halin da ake ciki yanzu: daffayar a kashe take, tukunyar, wadda ashe ita ce teburin shayin nan, na fitar da ita da hannuna, kyanwar kuwa ba ta dawo ba. Na zaga gonakin dabino da tsokar agashe a takarda, kyanwoyin Ƙuba duk sun san ni, ban da ita. Inna ta ƙi zaman ɗaki. Tana bakin ƙofa a cikin iska da kwanon madara tana kiran "mus-mus", tarin yana ƙaruwa. Jiya ta ce in mayar da ita Maiwurno, inda babu wanda ya rage mata, wai a can in an ce maka abu, abin ake nufi. Ni kuma ba ni da wata uwar.

Saboda haka ina roƙon girmanka, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A turo mai bututu da dogon tiyo da sabulu, ya mayar da daffayar bangon siminti nesa da labule, ya bar wa iska hanya. In ya iso zai tarar da tsohuwa a bakin ƙofa. Ya gaishe ta, ya wuce, ya yi aikinsa. Amma ina haɗa shi da Allah, kada ya sake ba ta umarni, don ita mace ce mai bin magana.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Bakri Rabo,
Mai agashe, Ƙuba.